Igiyar Malam Iliyasu

Igiyar tana rataye a jikin ƙusa a zaure, sama da inda ake jingina alluna. Ta rama ce, kamu arba'in, da ƙulli a kan kowane kamu goma. Gumin hannu ya baƙanta bakunanta biyu. An sabunta ta sau huɗu, amma a bakin mutane igiya ɗaya ce, wadda Malam Iliyasu ya yi shekara talatin da takwas yana raba gonakin gado da ita a ƙauyukan yammacin Dawakin Tofa. Ba a taɓa kai rabonsa gaban alƙali ba.

A nan gonaki manne suke da juna. Tsakanin mutum da maƙwabcinsa layin gamba ne kawai, ko 'yan itatuwan bini-da-zugu. Kamu ɗaya ya isa ya raba 'yan uwa har zuwa jikoki.

Igiya mutum biyu take so. Malam yana tsayawa da baki ɗaya, ƙanensa Mika'ilu yana tafiya da ɗayan ya kafa turke. Kowa ya san labarin shekararsu ta farko. Mika'ilu yana saurayi, ya shige bayan wani shingen lalle inda ba mai ganinsa, ya naɗe kamu ɗaya a wuyan hannu don ya rage rabon wani ya ƙara wa surukinsa. Daga nesa Malam ya ce, "Mika'ilu, warware." Tun daga ranar ake cewa hannun Malam yana jin abin da ake yi a ɗaya bakin.

Mika'ilu ya rasu da kaka. Yanzu bazara ce, ana sharar gona, ana kallon gabas.

Munir, ɗan Malam na fari, ya dawo daga Ingila wata biyu da suka wuce, da akwati biyu. Shekara goma sha shida ya yi a can, huɗu yana karatu, sauran yana aiki a wani kamfani mai juya kuɗin fanshon mutane. Ya ce hutu ya zo. Aka bar shi da hutunsa.

Ranar Talata da hantsi, bayan ɗalibai sun watse, Malam ya kira shi zaure. Bai ambaci sunansa ba. Bai taɓa ambata ba.

"Kai, zauna. Ranar Asabar za a raba gonar da mahaifin su Dabo ya bari. Kai za ka riƙe mini ɗaya bakin."

Munir ya dubi igiyar, ya dubi tabarma.

"Baba, akwai maganar da ban faɗa ba."

"Akwai. Hutun da ya wuce wata biyu ba hutu ba ne."

Sai ya faɗa. Ya faɗe ta a miƙe, yadda ya faɗa wa shugabanninsa uku a wani ɗaki mai dogon teburi a can Ingila.

Garin da yake zaune a can ƙarami ne, tafiyar minti hamsin a jirgin ƙasa zuwa birnin da ofishinsu yake. Tashar garin dandamali ne da benci da injin sayar da tikiti. Babu shinge, babu mai dubawa. A birni akwai shinge, amma yana buɗewa da wani kati mai cire kuɗin tasha ɗaya kacal, tasha ta kusa. Ya gano haka wata safiya da injin ya lalace. Washegari an gyara injin, ya wuce shi. Shekara uku da wata huɗu yana wuce shi.

Wata mata mai duba tikiti, gajeruwa mai tabarau, ta tare shi wata Litinin ta tambaye shi inda ya hau. Ya ambaci tasha ta kusa. Ta ce yau jirgin bai tsaya a can ba.

Cikin kwana uku ya biya kamfanin jirgin duk abin da suka lissafa. Ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ofishinsu suka sallame shi. Bayan nan hukumar da ke kula da ma'aikatan kuɗi ta aiko masa da takarda.

"Me ta ce?"

"Ta ce ban cancanci a ba ni amanar dukiyar mutane ba. An hana ni aikin har abada."

"Har abada suka rubuta?"

"Haka suka rubuta."

"Mutanen nan suna da ƙarfin hali." Malam ya gyara zama. "Ka taɓa kuɗin masu fanshon?"

"Ko kwabo."

"Kuɗin jirgin ne ba ka da shi?"

"Ina da shi. A albashina bai fi a ɗebi tiya ɗaya a buhu ba."

"To me ya sa?"

Munir ya yi shekara guda yana neman amsar da ta fi wannan. Bai samu ba.

"Tashar ba ta da ƙofa, Baba."

Malam ya jinjina kai kamar an faɗa masa farashin gero. "Asabar da sassafe," ya ce. "Kada ka sa farar riga."

"Baba, ba ka ji abin da na ce ba ne? In maganar nan ta fita, ba sunana za a kira ba. Naka za a kira. Shekara talatin da takwas."

"Na iya lissafi."

Inna Hure, mahaifiyarsa, tana bakin ƙofar cikin gida da kwanon kunu a hannu. Ba ta yi kamar ba ta ji ba.

"Kuɗin mota, ɗan nan? Kuɗin mota? Da ka yi waya, ai da an sayar da akuya an aika maka."

"Inna, ina da kuɗin."

"To wannan ne ban gane ba." Ta dire kwanon a gabansa. "Sha tun da zafi."

Da la'asar ta shiga gidan ƙawarta Kaltume ta roƙi a taya ta addu'a, ta ce kada a gaya wa kowa. Kafin Juma'a har mai shayin bakin titi ya ji.

Ba wanda ya yarda. Ba a korar mutum daga aikin miliyoyi a kan kuɗin mota. Wane ne bai taɓa lafewa a bayan mota ba har kwandasta ya manta da shi? Gari ya yanke nasa hukuncin: yaron ya ɗebo abu mai kauri, Turawa sun ji kunyar faɗa, suka laƙa masa jirgi. Wasu suka fara gaishe shi da "Alhaji". Wani ya zo da shawarar su sayi tarakta tare.

Dabo bai kira shi Alhaji ba. Tare suka yi firamare, benci ɗaya. Tun da Munir ya dawo, shi kaɗai yake zama da shi ba tare da ya tambayi abin da ke cikin akwati ba. Bayan sallar Juma'a ya tsaya da babur a ƙofar gida.

"Hau, Bature. Kyauta ne, kada ka ɓuya."

Gonar gadon ya kai shi. Ta fara daga bakin hanya, ta hau wani ɗan tudu, ta gangara kwari, sannan ta miƙe zuwa yamma. Tsawonta igiya tara. Malam ne ya auna ta lokacin da mahaifinsu ya saya. Magada biyu ne: Dabo da ƙanwarsa Asiya. Shida nasa, uku nata. Asiya ta nemi ɓangaren hanya don ya fi kusa da gidan mijinta, Dabo ya yarda a gaban mai unguwa. A ranar ba wanda ya tuna da rijiya.

Rijiyar tana cikin kwarin, bayan tudu, an kewaye bakinta da tsofaffin tayoyi. Gefenta fangalin albasa ne, ganye shar, a lokacin da ko'ina ya bushe.

"Ni na haƙa ta," in ji Dabo. "Ni da tsoho. Gaba takwas. Kwana arba'in. Ka ga wannan yatsan? A ciki na bar farcensa. Asiya tana ɗakin miji, ko ruwan sha ba ta kawo mana ba."

"Ina ta faɗa?"

"Na auna da ƙafa sau uku. Igiya ta uku tana wuce ta da kamu biyu. Kamu biyu, Munir. Da albasar nan nake ciyar da mutum goma sha ɗaya da rani."

"Ka yi mata magana mana."

"Ka san Asiya. In na roƙa, har jikokina sai sun ji." Ya tsuguna ya tuge wata ciyawa. "Ba kuɗi zan ba ka ba, ka fi ƙarfinsu. Daga inda Malam zai tsaya ba a ganin kwarin nan. Mu kuma ba a bari mu shigo sai an kafa turke. Naɗi uku a wuyan hannu. Kai da ka yi wa Turawa abin da ka yi, wannan wasa ne."

"Kuɗin jirgi ne, Dabo."

"Na ji. Ni ma haka zan riƙa faɗa."

"Zai ji a hannunsa."

"Tsohon zance. Idonsa ma yanzu sai ka yi magana yake gane ka."

Munir ya leƙa rijiyar. Ruwan yana can ƙasa, da ɗan zagayen sama a kansa. Bai ce e ba. Bai ce a'a ba. Ya lura da hakan, kuma bai ji daɗin lurar ba.

Asabar da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin ɗorawar bakin hanya. Mai unguwa ya zauna, da shaidu huɗu, da magada. Mutane sun fi na kullum yawa. Wasu ko gaisuwa ba su da ita da gidan. Munir ya zo da tsohuwar rigar baffansa Mika'ilu, da guduma, da turaku uku a hammata.

Asiya tana gefe cikin mayafi ruwan toka, goyo a baya. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, Bature ne zai riƙe? A yanka masa tikiti tukuna."

Aka yi dariya. Munir ma ya yi, kaɗan.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "Allah gafarta Malam, ana magana a gari."

"Na ji ta kafin gari. Shi ya faɗa mini da bakinsa." Malam ya sauke igiyar daga kafaɗa. "Wanda bai yarda ba ya faɗa yanzu, kafin a warware. Bayan turke da fatiha ba a sake awo. Kun san wannan."

Dabo ya ce ya yarda, idonsa a kan ƙafafunsa.

"Ke fa, Asiya? Naki za a auna."

"Ni hannun Malam nake bi, ba na Bature ba. A auna."

Aka yi bisimilla. Malam ya naɗa nasa bakin igiyar sau ɗaya a hannun dama, ya ɗora hannun a kan dutsen iyaka. Munir ya tafi da ɗayan. Igiya ta farko a fili take, kowa yana gani. Ya ja, Malam ya ce "Kafa", ya kafa. Malam ya tako a hankali da sandarsa, yana bin igiyar, har ya samu turken. Ta biyu ta ƙare a gindin tudu. Malam ya tsuguna a wurin, ya ɗora hannu a kan turke na biyu.

Munir ya hau tudun, ya gangara.

Surutun mutane ya yanke. A kwarin babu kowa sai wata kurciya a bakin taya. Ƙanshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Igiyar ta biyo shi ta kan tudu, tana jan ƙasa. Ya waiwaya. Ba ya ganin ɗorawar, ba ya ganin hular mahaifinsa.

Ya san wannan shirun. Irinsa ake yi a dandamali da ƙarfe bakwai saura, kafin jirgi ya iso.

Ya tsaya daidai bakin rijiya. Dabo bai yi ƙarya ba. Shi ya haƙa ta, kuma mutum goma sha ɗaya ne. Asiya ba ta taɓa dasa albasa ba. Dalilan suka jeru masa tsaf, yadda suka saba jeruwa: jirgin ai zai tafi ko da shi ko babu shi, kujerar ai babu kowa a kanta. Da ya dubi hannunsa, igiyar ta riga ta zaga wuyansa sau ɗaya. Bai tuna lokacin da ya naɗa ba.

Ya tsaya haka. Igiyar tana motsi kaɗan a fatarsa, ko iska ce, ko numfashin tsohon da ke ɗaya bakin. Ya jira ya ji kalmar da aka faɗa wa Mika'ilu. A gaban mai unguwa, da Asiya, da mai shawarar tarakta.

"Ja!" Muryar Malam ta ƙetaro tudu.

Ya warware. Ya kama ƙarshen ƙarshe, inda gumin Mika'ilu ya baƙanta, ya wuce rijiyar, ya kafa ƙafa, ya ja. Ya ja har igiyar ta tashi daga ƙasa ta yanki kan tudun, ƙura ta zubo. Ya ƙara ja.

"Ya isa! Kafa!"

Ya kafa. Rijiyar tana bayansa da kamu biyu da ɗan yatsa.

Mutane suka gangaro. Dabo ne a gaba. Ya dubi turken, ya dubi rijiyar, ya dubi Munir. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci.

"Ashe da gaske kuɗin mota ne," ya ce a hankali. "Duk gari muna ta girmama ka. Ashe ƙaramin ɓarawo ne kai."

"Na gaya maka."

"Ka koma gida da ƙafa."

Asiya ta zaga rijiyar sau ɗaya, ta leƙa, ta gyara goyonta.

"Yaya Dabo."

"Na gani. Ba sai kin faɗa ba."

"Ban faɗa ba tukuna. Rijiya tawa ce, a rubuta. Guga naka ne. Ka ja ruwanka ka shayar da albasarka. Kwando ɗaya duk shekara, manya, ba irin waɗanda kake aiko mini da salla ba."

"Kin ji ta ko, Mai unguwa? Har ta fara."

"Da ka tambaye ni tun farko, da ba ka yi ta auna gona da ƙafa ba kamar mai neman allura. Ta taga nake hango ka."

Aka dasa bini-da-zugu uku a layin turken. Malam ya yi addu'a, aka shafa. Mai shawarar tarakta ya tafi bai yi sallama ba.

Su biyu suka kama hanyar gida ta cikin gonaki, Malam a gaba da sanda, Munir a baya yana naɗe igiyar a gwiwar hannu. Rana ta ɗaga. A gabas akwai ɗan hadari, wanda ba zai yi komai ba. Da ya zo bakin da mahaifinsa ya riƙe, ya ji danshi. Ya duba yatsunsa.

"Baba, tsaya. Hannunka."

Malam ya tsaya. Ya ɗaga hannun dama kusa da fuska, ya juya shi. Igiyar ta saɓule fatar bayan hannun daga gindin ƙaramin yatsa zuwa babban yatsa. Jinin ya gangara cikin hannun riga, ya fara bushewa.

"Au," ya ce. "Ka ja da ƙarfi."

"Ba ka ji ba?"

Malam ya ci gaba da kallon hannun kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

"Shekara biyu ke nan. Ciwon sugan nan. Ya fara da ƙafa, ya hau. Ko garwashi ka sa mini sai dai na ji ƙauri."

Munir ya tsaya da igiyar a hannu. Can nesa ana jin babur ɗin Dabo yana ƙin tashi.

"Wa ya sani?"

"Innarka. Wannan ɗaya ba ta kai wa Kaltume ba." Ya sauke hannun. "Da Mika'ilu."

"Baffa ya sani?"

"Shi na fara gaya wa. Ya riƙe mini sau goma sha ɗaya bayan nan."

Munir ya ciro hankici daga aljihu, ya kama hannun, ya ɗaure. Hannun ba shi da nauyi. Bai taɓa riƙe shi ba tun yana yaro. Ya so ya faɗi maganar naɗi ɗayan, ya buɗe baki.

"Kada ka ɗaure da yawa," in ji Malam. "Ba zan sani ba."

Ya sassauta ƙullin.

Malam ya janye hannunsa, ya gyara riƙon sanda, ya juya.

"Ranar Laraba akwai rabo a wajen Kunci. Magada bakwai. Sun ce gonar tudu biyu gare ta."

Munir ya miƙa masa igiyar. Tsohon bai waiwayo ba, ya riga ya fara tafiya, yana laluben layin gamba da sandarsa. Munir ya ɗan tsaya da ita a hannu. Sannan ya rataya ta a kafaɗa, ya bi shi.